Wuƙata ce, amma ba hannuna ba ne

Assalamu alaikum 'yan wannan guruf, manya da ƙanana. Admin don girman Allah ka sa min wannan a fili amma ka ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan, wani lokaci har da dariyata da sa baki a kwament, ban taɓa zaton nawa zai zo ba. To ga shi ya zo, don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, don 'yan kasuwarmu tun ban buɗe baki ba suka gama yanke nasu.

Ni mahauci ne a nan Garwa ta Kamaru, gado na yi, kakanmu ya shigo daga wajen Najeriya da wuƙarsa ya zauna, babanmu ya gaje shi, mu ma muka buɗe ido a kwata, wato abatuwar kamar yadda masu faransanci ke cewa. Mu biyu ne maza a gidanmu, ni da wana, zan kira shi Yaya Sale, kuma duk gida ɗaya muke zaune da iyalanmu da su Baba. Ni kowa ya san ni da baki, in raina ya ɓaci sai an ji ni daga layin nama har layin masu tumatir, ban iya haɗiye magana ba, kuma ban ce hali ne mai kyau ba. Yaya Sale kuwa tun da nake ban taɓa jin muryarsa ta tashi ba. Sahun gaba a masallaci, gaisuwa da hannu biyu, in ka taka shi shi zai ce ka yi haƙuri. Kullum da shi Baba yake min gori, wai ka dubi ɗan'uwanka mutumin zaman lafiya, kai kuwa kamar a tsakiyar kasuwa aka yanke maka cibiya.

Akwai wata doka a kwatarmu da sai kun san ta za ku gane maganata. Mu mutane ne da muke wuni da ƙarfe mai kaifi a hannu, ga zafin Garwa, ga ƙuda, ga shanu masu taurin kai, in aka ce kada rai ya ɓaci ƙarya ake yi. Sai magabata suka ce to a yi faɗan, amma in za ka yi cacar baki da wani ka fara ajiye wuƙarka a kan dakali inda zai gan ta, ƙota tana kallonsa, shi ma ya ajiye tasa. Daga nan ku zagi juna har kakanni, babu mai shiga tsakaninku, in kun gaji kowa ya ɗauki wuƙarsa ya koma aiki. Wanda ya ɗaga murya da wuƙa a hannu, Sarkin Fawa, wato shugabanmu na mahauta, zai dakatar da shi. Wanda ya sa wa mutum wuƙa da gangan kuwa ya bar sana'a ke nan har abada, kuma mu da kanmu za mu raka shi komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Abin da aka fara koya min ke nan tun kafin a koya min fiɗa.

Abokin faɗana shi ne Garba, mahauci ne kamar ni, tare muka taso. Da samartaka mun yi dambe, ya taɓa kai ni ƙasa a gaban 'yan mata har haƙorina ya girgiza, da yamma kuma tare muka je muka ci soya, wato tsire. Tun daga nan babu ranar Allah da ba ma yi, a kan wa zai fara kayar da sa, a kan ƙugiya, a kan tiyon ruwa. Ya ce saniyar da nake yankawa don tsufa ta ga zamanin mulkin Jamus, na ce shi ko akuya bai iya feɗewa ba sai ya huda fata. Baƙo in ya shigo sai ya rantse yau za a kwashi gawa. Mutane suna kiranmu maƙiya, mu ma ba mu musa ba. Amma ranar da haihuwa ta zo wa matata da gardama aka nemi jini a asibiti, Garba ne ya miƙa hannu. Ko godiyar kirki ban yi masa ba, cewa na yi jininsa ne ya koya mata tsiwa.

Tsakanin Garba da Yaya Sale kuwa babu wanda ya taɓa jin ko tari. Abin da na sani shi ne, masu soya na unguwar Jambutu da suka daɗe suna ɗaukar nama a wajen Yaya Sale sun koma wajen Garba bara, don shi yana kai musu da wuri a moto, wato babur. Garba har ya taka da kansa ya same shi, ya ce Yaya in abin nan ya sosa maka rai ka faɗa min mu daidaita, ko mu raba su. Yaya Sale ya yi murmushi ya ce, ba komai ƙanena, arziki na Allah ne. Ni ne ma na ɗauki faɗan a madadinsa, na ajiye wuƙa na wanke Garba tas, shi ma ya wanke ni, aka tashi. Kowa ya yaba wa Yaya Sale, Sarkin Fawa har yana kawo shi misali in yana yi wa samari faɗa.

Ranar da abin ya faru da safe ne, rana ta ɗan ɗaga. Ni da Garba mun fara namu kamar kullum a kan wa zai fara shigar da sa, na zare wuƙata na ajiye a dakali, shi ma ya ajiye tasa. Wuƙata kowa ya san ta, don na naɗe ƙotarta da jar roba. Muna tsakiyar zage-zage sai san Garba, wani jan bijimi mai dogon ƙaho da ya sayo wajen Gider, ya tsinke dabaibayi. Garba ya yi tsalle ya cafke igiyar wuya ya naɗa a hannun dama, san ya fizge shi ya kife da fuska cikin jini da kashin shanu yana jansa a ƙasa. In sa ya ɓalle a kwata babu maƙiyi babu masoyi, masu zuciya su kawo hannu, sauran kuma ƙafa ta cece su. Ni na bi ta baya na kama wutsiya na murɗe da duk ƙarfina, ina ja ina zagin Garba, ina ce masa ga abin da taurin kai yake jawowa. San ya ɗan tsaya yana huci. Sai na hango Yaya Sale ya taho, ba da gudu ba, ya bi ta dakali ya ɗauki wuƙata, ya durƙusa wajen hannun Garba. Na ce alhamdulillahi, zai yanke igiya.

Jama'a wallahi igiyar nan tana miƙe tsakanin hannun Garba da wuyan sa, makaho ma zai same ta. Ya tsallake ta. Ya danne hannun bawan Allahn nan da gwiwa, ya ja wuƙa a wuyan hannu, ya sake ja, irin jan da ake yi wa jijiyar dabba in ana son ƙafa ta saki. Sannan ya yanke igiyar, ya saki wuƙar a ƙasa, ya miƙe yana salati da ƙarfi. Na ga fuskarsa kafin salatin, babu fushi a cikinta ko kaɗan, irin fuskar da yake yi ce in yana auna wa mai saye nama. Jini ya yi tsartuwa har bango, Garba ya yi wani ihu da ban taɓa jin namiji ya yi ba, yatsunsa suka saki suna lilo. Jikin san ya kare kowa, ni kaɗai na gani daga inda nake. Kuma Yaya Sale ne ya yage rigarsa ya ɗaure hannun, shi ya riƙe shi a bayan moto har asibiti, mutane suna ta sa masa albarka. Da aka kayar da san hankali ya dawo, sai ga wuƙa mai jar roba kwance cikin jinin mutum. Duk ido ya dawo kaina, kuma bakin nan nawa da ba ya shiru, ranar mutuwa ya yi.

Kafin azahar labari ya gama zaga kasuwa, wai maƙiyan nan yau sun kai ƙarshe. 'Yan'uwan Garba na wajen uwa, samari ne daga Mayo-Ulo masu safarar kaya a moto, suka same ni a teburina. Ba su ajiye komai a dakali ba, ba su ma ce min uffan ba. Gora na fara ji a ƙeya, na faɗi, suka kifar da tebur nama ya watse cikin ƙasa, suka bi ni da takalmi a ciki da haƙarƙari da fuska har na daina gani da ido ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ya ja hannuna na dama ya ɗora a kan gungumen da nake sara ƙashi, ya ɗaga gatarina, a nan ne kawai na ji maganarsu, ya ce hannu ya tafi, hannu zai biya. Wata tsohuwa mai daddawa ce ta faɗo a kaina tana kururuwa da fulatanci, munyal, munyal, wato a yi haƙuri, har Allah ya kawo Sarkin Fawa da dattawa suka janye su. Yanzu haka da nake rubutun nan in na yi tari sai na dafe gefe, likita ya ce haƙarƙari ya tsage.

Da na ɗan iya tashi Sarkin Fawa ya kira ni gidansa. Ya ce an shirya zama ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma ga abin da zan faɗa, wuƙata ce, hannuna ne, igiya na je yankewa ta goce, kuskure ne. In ba da haƙuri a gaban jama'a, in ajiye fawa zuwa bayan damina, a raba goro a shafa fatiha, dangin Garba sun yarda su koma gida, babu komisariya babu jandarma. Na ce ranka ya daɗe ai ba ni ba ne. Ya ɗaga min hannu ya ce bai tambaye ni ko wane ne ba, kuma kada in gaya masa. Ya ce, ɗana ni zaman lafiya nake nema wa kasuwa, ba labari ba, kai ne aka gani kana faɗa da shi, kai za a yarda da kuskurenka, in aka buɗe wata ƙofa yanzu gawa za a ɗauka.

Na je asibiti na ga Garba, da ƙyar matarsa ta bar ni na shiga. An ɗinke hannun, amma likita ya gaya masa kada ya sa rai yatsun za su sake riƙe wuƙa. Na zauna na kasa kallonsa. Sai ya ce, kai mummuna, wa ya gyara maka fuska haka? Na ce 'yan'uwanka ne, kuma aikin nasu ma irin naka ne, ba su iya ba. Ya yi dariya har hawaye, daga dariyar ya zarce da kuka. Ya ce ya gaya musu ba ni ba ne, ya gaya wa dattawa, sun ce zafin ciwo ne yake sa shi sambatu. Ya ce, fuskata tana cikin kashi ban ga kowa ba, amma kunnena yana aiki, lokacin da ƙarfe ya shiga hannuna ina jin zaginka daga can wajen wutsiya, kana ambaton kakata. Ya ce duk shekarun nan bai taɓa jin tsorona ba ko sau ɗaya, don kullum ya san abin da ke cikina, ina zubo masa shi tun da safe. Sannan ya kama rigata da hannun hagu ya ce, kai ka gani, ka gaya min wanda ya raba ni da abincin 'ya'yana. Na ce masa zan dawo, na fito ina jin kunyar kaina.

A gida na samu Baba na gaya masa komai. Na zaci zai mare ni ya ce ƙarya nake yi wa ɗansa na kirki, amma bai musa ba, ya ci gaba da jan carbinsa, kuma hakan ya fi min mari ciwo. Daga baya ya ce, kai ka saba da hayaniya, sunanka ya riga ya yi ƙura, wannan ba zai ƙara maka komai ba, shi kuwa in aka faɗa yaran Mayo-Ulo ba za su bar shi ya kai komisariya da rai ba, ka rufa wa gidan nan asiri mu zauna lafiya. Inna tana bakin ƙofa tana hawaye. Da Baba ya fita sai ta ce min, ka tuna matar Sale da ta koma Gider? Na ce wadda aka ce ta zame a banɗaki muƙamuƙinta ya goce? Ta ce ni na wanke mata bakin, banɗaki ba ya barin shatin yatsu a wuya. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da nasu, kuma wallahi ko motsin kwano ban taɓa ji ba. Ni da matata muke cika gida da hayaniya, maƙwabta su yi ta cewa mu yi koyi da sashen Yaya Sale.

Tun daga ranar kaina yake juyawa, don duk abin da aka koya min ya kife. Ni a da in aka ce rikici, ni da Garba nake gani, in aka ce zaman lafiya sai in ga Yaya Sale. Yanzu na zauna na duba, abin da ke tsakanina da Garba saɓani ne, yana son abu ina son abu, mu faɗa da ƙarfi, mu ajiye ƙarfe, kowa ya koma gida da yatsunsa cikakku. Damben da muka yi ma akwai naushi amma babu ƙiyayya, duk mun yarda muka shiga fili. Abin da aka yi wa hannun Garba da abin da aka yi wa haƙarƙarina shi ne tashin hankali, kuma duka biyun ba su zo da zagi ba, shiru suka zo. To shi zaman lafiyar fa, shi ne rashin hayaniya? In haka ne ai sashen Yaya Sale ya fi ko'ina lafiya lokacin da ake shaƙe mace a ciki. Ni yanzu a ganina zaman lafiya shi ne in iya gaya maka ka ɓata min rai ba tare da na ji tsoron hannunka ba, kai ma haka. Abin da Sarkin Fawa zai haɗa ranar Juma'a ban san sunansa ba, amma murfi ne za a ɗora a kan tukunya a bar wuta a ƙasa. Sai dai kuma ba zan ce tsohon nan ƙarya yake yi ba, na ga gatari a saman hannuna, na san abin da yaran nan za su iya.

Jiya da safe na kasa daurewa. Na samu Yaya Sale a tsakar gida ƙarƙashin dalbejiya yana wasa wuƙaƙensa a dutse. Na zare wadda na ara na ajiye a kan turmi, ƙota tana kallonsa, kamar yadda aka koya mana mu duka. Na ce masa na gani, na ga komai, na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa na gaba da ni ba, har matata ta fito ta ja yarinyarmu ɗaki. Daga zagi na koma roƙo, na ce Yaya don Allah ka zage ni, ka ce ka ji haushin masu soya, ka ce ka tsani Garba, ka ce ka tsane ni da ka zaɓi wuƙata, ka faɗi wani abu mu yi faɗa irin na mutane. Ina magana ina kallon hannunsa ko zai ajiye tasa. Bai ajiye ba. Ya ci gaba da wasawa a hankali har na gama, ya gwada kaifin a farcensa, ya ɗago ya dubi hannuna na dama, sannan ya dubi fuskata ya yi murmushi ya ce, ba komai ƙanena.

To jama'a ga inda nake. In na tashi ranar Juma'a na ce kuskurena ne, kasuwa za ta lafa, Baba zai yi barci, amma na ci amanar mutumin da jininsa ke jikin matata, kuma wanda ya yi aikin zai koma kwata da wuƙa a hannu ana sa masa albarka. In na faɗi gaskiya a gaban jama'a, ina tsoron a kashe ɗan uwata a kan idona, alhakin kuma ya rataya a bakina. In na wuce komisariya a ɓoye kafin zaman, wataƙila a tsare shi da ransa, amma na san Baba ba zai sake kallona ba har ya koma ga Allah. Malamai da ke cikin guruf ɗin nan, ƙaryar da za ta hana zubar da jini yau ta bar mai zubarwa a sake, sulhu ce ko me? Waɗanda suka san doka a nan Kamaru, in na kai maganar da kaina za a iya kare Yaya Sale daga dangin Garba? Garba kuma in gaya masa shi kaɗai, ko in bar shi yana jiran dawowata? Don Allah kada ku ce min in yi haƙuri kawai, mai haƙurin gidanmu na ga aikinsa.

Ku taimaka ku amsa da wuri, Juma'a ta matso. Tun jiya da ya ce min ba komai na tura matata da yarinya gidansu, ni kuma a gidan ubana hannuna na dama a cikin aljihu nake yawo da shi.